Yawan Kisan Kai da Yawan Tsoro a Birane: Abin da Alƙaluman Amurka Ke Koya Mana



An ɗora mini nauyin yin magana a kan kisan kai a birane da kuma tsoron da yake jefa mazaunansu a ciki. Batu ne mai nauyi, domin da wuya a sami wanda ke zaune a nan da bai taɓa zuwa ta'aziyyar ran da aka ɗauka da wuƙa ko da bindiga ba. Mu malamai kuwa, batun yana bin mu har cikin aji. Uwa takan zo ta ce za ta cire 'yarta daga darasin yamma saboda hanya. Uba yakan nemi shawararmu ko ya tashi daga unguwa ya koma wata. Shugaban makaranta yakan tashi yara kafin lokaci don an ji wani labari ya ɓulla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne da ya shafi karatun yaro, kuma ana yanke shi ne bisa amsar tambaya guda: akwai haɗari ko babu?

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, tambayar nan tagwaye ce. Ta farko, mutum nawa ake kashewa? Ta biyu, yaya tsoron mutane yake? Mun saba ɗaukar su abu ɗaya, alhali kowace da ma'auninta, kuma sau da yawa ɗaya tana sauka ɗayar tana hawa. Al'ummar da ta kasa bambance su tana iya gudun gara ta faɗa gidan zago.

Misalaina zan ɗauko su ne daga biranen Amurka. Dalilina ba wai sun fi kowa zaman lafiya ba ne, don kisan kai a can ya ninka na ƙasashen Yammacin Turai sau da yawa. Dalilin shi ne sun shafe shekaru fiye da hamsin suna rubuta amsoshin tambayoyin nan biyu a jere, shekara bayan shekara, har ana iya ajiye su gefe da gefe a kwatanta. Masu nazarin laifuka kuma sun fi dogara da alƙaluman kisa a kan na sauran laifuka saboda dalili mai sauƙi. Wanda aka yi wa sata yana iya haƙura ya ƙi kai ƙara, amma gawa tana da wuyar ɓoyewa, kuma asibiti da 'yan sanda duk sukan rubuta ta.

Bari mu fara da lissafi irin na aji biyar. A ce makaranta mai ɗalibai 2,000 ta sami yara 40 da suka faɗi jarrabawa, wata mai ɗalibai 100 ta sami 20. Wanda ya dubi lambar sama kaɗai zai ce ta farko ta fi lalacewa. Malami kuwa zai nemi lambar ƙasa, ya ga cewa a ta farko yaro biyu ne cikin ɗari suka faɗi, a ta biyu kuma yaro ashirin cikin ɗari. Haka ake auna kisan kai: a raba yawan waɗanda aka kashe da yawan mazauna garin, a faɗi ko mutum nawa ne a cikin kowane 100,000. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa an kashe kimanin mutum 458,000 a faɗin duniya a shekarar 2021, ban da waɗanda suka mutu a fagen yaƙi. Idan aka raba, ya kama kusan mutum 6 a cikin kowane 100,000. Wannan shi ne matsakaicin duniya, kuma da shi za mu riƙa gwada sauran.

A shekarar 2021 an kashe mutum 488 a birnin Niyok, aka kashe kusan 800 a Shikago. A shekarar da ta gabace ta an kashe 263 a Sen Luwis. Da lambar sama za mu tsaya, da mun ce Sen Luwis ce ta fi su kwanciyar hankali. To amma Niyok tana da mutane fiye da miliyan 8, Shikago kimanin miliyan 2.7, Sen Luwis kuwa wajen 300,000 kacal. Da aka raba, na Niyok bai kai 6 ba a cikin 100,000, na Shikago ya kusa 30, na Sen Luwis ya haura 85. Garin da ya fi ƙarancin gawarwaki shi ne ya fi haɗari, ninkin na Niyok fiye da sau goma sha huɗu. Duk wanda ya ba ka lambar sama ya riƙe ta ƙasa, rabin labari ya ba ka.

Yanzu mu dubi yadda Niyok ta sauya. A shekarar 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin, wato kusan mutum shida a kowace rana ta Allah. Lokaci ne da hodar iblis mai araha ta mamaye unguwannin talakawa, dillalanta suna harbe juna a kan wurin ciniki. Daga nan adadin ya fara sauka, ya yi ta sauka, har a shekarar 2017 ya tsaya a kan 292, ƙasa da mutum ɗaya a rana, alhali mazauna birnin sun ƙaru da fiye da miliyan guda. Ba Niyok kaɗai ba ce. A faɗin Amurka, kisan kai ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1991 da 2014. A 2020, shekarar annobar korona, ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin 100, tsallen da ba a taɓa rubuta irinsa a shekara guda ba, sannan ya sake gangarowa sosai a 2023 da 2024.

Me mutanen ƙasar suka ce a duk tsawon wannan lokaci? Kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup yana tambayarsu kusan kowace shekara ko laifi ya ƙaru a ƙasar fiye da bara. Cibiyar bincike ta Pew ta tattara amsoshin tun daga 1993, ta ga cewa a karo 23 cikin 27, aƙalla mutum shida cikin goma sun ce ya ƙaru. Sun faɗi haka ne a shekarun da laifukan zubar da jini suka ragu da kusan rabi. Akwai kuma wani abin lura: idan aka tambayi mutanen nan game da yankinsu na kansu, waɗanda ke cewa laifi ya ƙaru sukan yi ƙasa. Inda mutum ya gani da idonsa ya fi kusa da gaskiya, inda ya ji a bakin wasu kuwa sai ya zuzuta. Gani ya kori ji.

A 2023 kamfanin ya sake yin wata tambaya. Ya jero manyan birane 16, ya ce wa mutane su faɗi wanda suke ganin ana iya zama ko ziyarta lafiya. Birnin Dalas ne ya zo na ɗaya, kusan mutum uku cikin huɗu suka amince da shi. Niyok kuwa kashi 41 cikin 100 kawai ta samu. Amma a shekarar 2022, idan aka yi rabon nan namu, kisan kai a Dalas ya kusa ninka na Niyok sau uku. Birnin Niyu Olins, wanda nasa ya ninka na Niyok fiye da sau goma a wannan shekarar, fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun ce lafiya lau yake. Sunan gari da halin gari kowanne hanyarsa daban.

To me ke kawo wannan tazara? Zan kawo dalilai huɗu.

Na farko shi ne abin da ido ke kallo kullum. Tun a shekarun 1970 wani malamin jami'ar Fensilbeniya, George Gerbner, ya gano cewa masu yawan kallon talabijin sun fi sauran jama'a ɗaukar cewa duniya cike take da mugaye, kuma sun fi zaton za a kai musu hari. Kafar labarai ba ta kawo rahoton mutum miliyan takwas da suka koma gida lafiya, tana kawo na mutum ɗaya da bai koma ba. Wannan aikinta ne, ba laifinta ba, amma zuciyar ɗan Adam ba ta iya rabawa. Tana auna haɗari ne da saurin da misali ke faɗo mata. Yanzu kuma da waya ta shiga kowane hannu, hoton kisa ɗaya yana iya iso wa mutum ta zaure biyar na WhatsApp, kowanne da sabon bayani a ƙarƙashinsa, ya kwana yana jin kamar kisa biyar aka yi.

Na biyu shi ne cewa laifi ba ya bazuwa a gari kamar ruwan sama, yakan taru ne kamar kududdufi. A birnin Miniyafolis, binciken da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 ya nuna cewa rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda yana fitowa ne daga kimanin kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin. A Siyatil, David Weisburd ya bi diddigin shekaru 14, ya ga rabin laifukan birnin suna aukuwa a kan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layuka, kuma galibi layukan ba sa canzawa. Ma'anar wannan ita ce, ko ma'aunin dubu ɗarin da na yaba ɗazu yana da iyaka. A Shikago akwai unguwannin da zaman lafiyarsu ya yi kama da na biranen Turai, akwai kuma waɗanda ke cikin mafi haɗari a duniya, duk a ƙarƙashin lamba ɗaya. Saboda haka wanda ke zaune a layin da ake zubar da jini, idan ya ce yana tsoro, gaskiyarsa ce ko da alƙaluman birni suna sauka. Wanda ke zaune nesa kuma yakan ari tsoron da ba nasa ba.

Na uku, waɗanda suka fi tsoro ba su ne aka fi kashewa ba. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kimanin takwas cikin goma na waɗanda ake kashewa maza ne, tara cikin goma na waɗanda ake zargi da kisan su ma maza ne, kuma samari sun fi kowa yawa a ɓangarorin biyu. Amma idan aka tambayi wanda ke tsoron fita da dare, mata sun fi maza nesa ba kusa ba. Suna da hujjarsu, domin akwai cin zarafin da bai kai kisa ba wanda ya fi faɗa musu. Sai dai ga abin da ya kamata ya tsayar da mu: a cikin mata da 'yan mata kimanin 81,000 da aka kashe a duniya a 2021, wajen 45,000 sun mutu ne a hannun miji ko saurayi ko wani ɗan uwa. Fiye da rabi ke nan. Muna kulle ƙofa saboda baƙo, alhali ga mace sau da yawa haɗarin yana cikin gida.

Na huɗu, tsoro yana karanta alamu ne, ba ya karanta rajista. Layi mai duhu, kangon da aka bari, tarin bola, samarin da ke zaune a kwana suna shaye-shaye, waɗannan su ne ke gaya wa mai wucewa cewa wurin ba shi da mai shi. A ƙarshen shekarun 1970 an gwada sintirin 'yan sanda a ƙafa a birnin Nuwak na jihar Niyu Jasi. Da aka duba sakamako, laifi bai ragu ba, amma mutanen layukan sun ce hankalinsu ya fi kwanciya. Wannan ya nuna ana iya rage tsoro haɗari yana nan, kamar yadda ake iya rage haɗari tsoro yana nan.

Kada a fahimce ni da cewa tsoro shirme ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba mai hankalin da zai yi masa dariya. Tsoro ma yana da tasa ɓarnar ko da ba a zubar da jini ba. Yana rufe shaguna da wuri, yana tsare tsofaffi a ɗaka, yana korar masu hali daga unguwa su bar marasa ƙarfi. Layin da mutanen kirki suka daina bi kuwa, ya zama na ɓata-gari, sai tsoron ya haifi abin da ake tsoro.

Mafi munin ɓarnarsa ita ce idan ya nemi wanda zai huce a kansa. A 1989, lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa a Niyok, an yi wa wata mata fyaɗe da mummunan duka a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin. Aka kama yara biyar, baƙaƙe da ɗan asalin Latin Amurka, masu shekaru 14 zuwa 16, tsarar waɗanda ba su daɗe da barin hannunmu ba. Aka ɗaure su. Sai a 2002 ainihin mai laifin ya amsa, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar, kotu ta soke hukuncin bayan ƙuruciyarsu ta ƙare a gidan yari. Haka kuma a shekarar 2011 kaɗai, 'yan sandan birnin sun tare mutane a titi don tambaya ko laluba fiye da sau 685,000. Mafi yawansu baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. An ce idan aka daina, gari zai kama da wuta. A 2013 kotu ta yanke cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki, aka rage shi ƙwarai da gaske. Kisan kai kuwa ya sauka daga 515 a 2011 zuwa 292 ɗin nan a 2017.

To me ya yi aiki? Zan kawo abubuwa huɗu da aka gwada aka auna.

A Boston, a tsakiyar shekarun 1990, masu bincike tare da 'yan sanda sun zauna sun ƙirga. Suka ga cewa samari kimanin 1,300, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na tsararsu ba, a cikin ƙungiyoyi wajen 60 masu kama da dabobin da muka sani, su ke da hannu a aƙalla kashi 60 cikin 100 na kisan matasa a birnin. A 1996 aka fara kiran su ana zama da su ido da ido, ga jami'an tsaro, ga malaman coci, ga masu aikin jin daɗin jama'a. Aka gaya musu an san su ɗaya bayan ɗaya, duk ƙungiyar da ta sake yin harbi hukuma za ta juyo kanta gaba ɗaya, wanda kuma ke son fita ga hanyar aiki ko karatu. Kisan matasa ya ragu da kusan kashi 63 cikin 100. Bayan 'yan shekaru da aka yi sakaci da shirin, ya sake tasowa.

A Filadelfiya, masu bincike ƙarƙashin Charles Branas sun ɗauki filaye 541 da aka yi watsi da su, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka kwashe sharar, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da gajeren shingen katako, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara a unguwanni mafi talauci, fargabar fita waje kuma ta ragu da fiye da rabi a wurin maƙwabta. A nan haɗari da tsoro suka sauka tare, da shebur da tsintsiya.

A Niyok, a 2016, an ƙara fitilu masu haske a harabar wasu rukunin gidajen gwamnati da ƙuri'a ta faɗa kansu. Manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A Shikago, a 2012, an ba ɗaliban wasu makarantun sakandare na unguwanni masu tashin hankali aikin mako takwas a lokacin dogon hutu, tare da babban da ke kula da su. Sara Heller ta bi su har wata 16, ta ga kamun da aka yi musu kan laifin tashin hankali ya yi ƙasa da na 'yan uwansu da ba su sami gurbin ba da kashi 43 cikin 100.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan huɗu. Dukkansu sun fara ne da tambayar ina, da wa, da yaushe, sannan suka sa ƙarfinsu a kan wurare kaɗan da mutane kaɗan. Babu wanda ya ɗauki gari gaba ɗaya ko matasa gaba ɗaya a matsayin abokan gaba.

'Yan uwa, Amurka ba ƙasarmu ba ce. Masifarsu bindigar hannu ce da ta cika gidaje, tamu a birni ta fi karkata ga faɗan daba da ƙwacen waya da wuƙa. Abin da 'yan bindiga ke yi wa ƙauyukanmu kuwa wani babi ne daban, kuma ba wanda zai ce wa mutanen da aka kora daga gonakinsu tsoronsu ya wuce kima. Amma hanyar karanta lamba ɗaya ce a ko'ina. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton binciken da ta yi ta hanyar tambayar gidaje, inda ta ƙiyasta cewa an kashe mutum 614,937 a Nijeriya tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Ku tuna ƙiyasin duniya baki ɗaya na 2021, wato 458,000. Ɗan aji shida ma zai ga cewa lambobin nan biyu ba sa zama a tabarma ɗaya. Bincike irin wannan yana tambayar gidaje kaɗan ne ya ninka amsarsu, kuma a al'umma mai faɗin zumunci irin tamu, gidaje da yawa suna iya kiran mamaci ɗaya nasu. Ta ɗaya gefen kuma, mamata da yawa ana binne su ba tare da takardar shaidar mutuwa ba, don haka rajistar hukuma takan gaza. Tsakanin lambar da ta kumbura da wadda ta rame, jita-jita ce ke cin kasuwarta.

Mun kuma ga abin da tsoro marar linzami ke aikatawa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin salla a gida, saboda an ga bindigogin farauta a motarsu aka zaci masu garkuwa da mutane ne. Mutanen yankin sun daɗe suna fama da satar mutane, tsoronsu yana da tushe, amma ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk lokacin da aka yi ihun ɓarawo a titunanmu jama'a suka taru da duwatsu da fetur kafin a yi tambaya ko ɗaya, wannan hanyar muka ɗauka.

Saura abin da ke hannunmu, kuma ba ƙarami ba ne.

Mu koya wa yara lambar ƙasa. Darasin kaso da na kashi cikin ɗari yana cikin manhajarmu, abin da ya rage shi ne mu fito da shi daga littafi zuwa rayuwa. Yaron da ya saba tambayar "a cikin nawa?" ba zai zama babban da kowace lamba ke razanawa ba.

Mu sa wa kanmu doka a zaurukan malamai da na iyaye: kafin a tura hoto ko sautin wani kisa, a san garin da ya faru, da ranar da ya faru, da wanda ya tabbatar. In ba a sani ba, ya tsaya a hannun wanda ya iso wa. Tsohon hoto daga wata ƙasa ya isa ya watse makaranta a cikin sa'a guda.

Mu tambayi yaran kansu. A ba 'yan aji biyar da shida takarda su zana hanyarsu daga gida zuwa makaranta, su sa alama a inda gabansu ke faɗuwa. Idan aka tara zanen aji guda, za a ga alamun sun taru a wurare ƙalilan, wata kwana, wani kango, wata gada. Kowace makaranta kuma ta buɗe littafi na musamman da za a riƙa rubuta duk abin da ya sami ɗalibi ko malami a hanya, da rana da lokaci da wuri. Bayan zango ɗaya, a ajiye zanen da littafin gefe da gefe. Inda suka haɗu, nan ne haɗari, kuma da wannan takarda za a je wurin mai unguwa da kwamitin gudanar da makaranta da ofishin 'yan sanda na yanki. Cewa "gari ya lalace" ba ya ba kowa aikin yi, amma cewa "an tare yara sau kaza a bayan kangon nan tsakanin la'asar da magariba" yana ba shi. Inda kuma aka sami tsoro ba a sami ɓarna ba, wataƙila fitilar sola ɗaya da aikin gayya na kwashe bola sun wadatar, ba sai an cire yarinya daga karatu ba.

Mu sa ido a kan 'yan kaɗan ɗin nan. Saurayin da ke riƙe da wuƙa a yau, shekaru shida ko bakwai da suka wuce yana zaune a kan bencin ɗayanmu. Rajistar kiran suna ita ce ta fara sanin ranar da ya soma zamewa. Yaron da ya ɓace mako biyu a bi shi gida, kuma a dogon hutu a haɗa kai da iyaye a sama wa manyan yara wurin koyon sana'a a hannun wanda zai kula da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe, mu saurari yaron da ke tsoron komawa gida fiye da yadda yake tsoron hanya. Alƙaluman da na kawo game da mata sun isa su sa mu daina ɗaukar irin wannan magana a matsayin sirrin gida da bai shafi malami ba.

Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu, kuma idan labari ya tashi mu suke kallo su ga ko za mu gudu ko za mu tsaya. Haƙƙinsu ne a kanmu kada mu raina haɗarin da ke akwai, kada kuma mu ƙara musu wanda babu. Hanyar sauke wannan haƙƙi ita ce wadda muke koyarwa kullum: a ƙirga, a rubuta, a raba, sannan a yanke hukunci.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya tsare mana yaranmu a tafiyarsu da dawowarsu, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.